Sa Hannun Kyaftin Ilyasu

Sunan da aka yi masa baftisma da shi Bartholomew, amma wa ke da lokacin wannan dogon suna a bakin gareji? Bato kowa yake ce masa. An haife shi a wani ƙauyen Gbagyi da ke gindin duwatsu, tun Abuja ba ta wuce daji da gonakin doya ba. Ya yi firamaren mishan har aji shida, daga nan mahaifinsa ya kama hannunsa ya kai shi Zuba, ya damƙa shi ga wani bakanike da ake kira Oga Sale.

Shekara bakwai Bato ya yi yana wanke noti a cikin fetur, yana shan rankwashi, yana kwanciya a ƙarƙashin manyan motocin da ke ɗauko lemo da ayaba daga kudu. Da shekarun suka cika aka yi masa yaye kamar yadda ake yi wa kowa. Aka yanka akuya, aka jera lemon kwalba, Oga Sale ya sa shi ya durƙusa a gaban jama'a, ya buga masa sifana a kafaɗa sau uku, ya ce, "Na sallame ka. Duk motar da ka taɓa, hannuna ne ya taɓa ta." Aka ba shi takarda mai sunan Oga Sale da hoton sifana biyu a giciye, ya sa ta a gilashi. Tun daga ranar ba wanda ya taɓa tsayar da shi ya ce, to shi Oga Salen wa ya ba shi izinin koyarwa? A wurin Bato haka duniyar sana'a take. Ka bauta wa oga, oga ya ga ka iya, ya sallame ka, shi ke nan.

Ana nan sai aka ce gwamnati za ta taso daga Legas, wato Ikko, ta dawo tsakiyar ƙasa. Katafila ta shigo, aka tashi ƙauyensu Bato aka kai su wani wuri, kamfanoni suka cika dajin kamar fara. Cikinsu akwai wani kamfanin safiyo, wato auna ƙasa, mai ƙaramin jirgin sama, injin ɗaya, kujera huɗu, da rami a cikinsa inda ake kafa kyamara ana ɗaukar hoton ƙasa. Suka share wani fili na jar ƙasa suka mai da shi titin jirgi. Su suka ɗauki Bato aikin gyaran motocinsu da janareta. Lokacin yana da shekara talatin, da matarsa Helen, da 'ya'ya biyu.

Matuƙin jirgin shi ne Kyaftin Ilyasu, wani dogon Bazazzagi mai yawan raha, wanda ba ya rabo da goro a kumatu. Wata safiya yana ɗumama injin, sai ya hango wani gajere da rigar aiki duk baƙin mai yana ɗaga masa hannu kamar mai tsayar da tasi. Ya kashe injin ya leƙo.

"Kai Bagware, lafiya? Nan ba a ɗaukar fasinjan Suleja."

"Oga, wannan jirgi naka tana tari," in ji Bato. "Fulogi guda ba ya ci wuta daidai."

"Ikon Allah! Tun yaushe mai doya ya zama likitan jirgi?"

"Tun da mai rake ya zama tsuntsu, oga."

Kyaftin ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Amma ya sa injiniyan kamfani ya duba, aka kuwa sami fulogi guda ya toshe da gawayi. Washegari ya ce wa Bato ya hau ya zauna kusa da shi. Jirgi ya gudu a kan jar ƙasa, ya yi tsalle, sai Bato ya ga Dutsen Zuma, wanda tun yana yaro yake ɗaga kai ya kalla, yau ga shi can ƙasa kamar tukunyar da aka kifa. Bai yi amai ba, bai rufe ido ba. Tambaya kawai yake: wannan agogon na mene ne, wancan fa, don me hanci ya sunkuya da ka tura wannan? Da suka sauka Kyaftin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai, kana da hannu. Da can ni malamin tuƙin jirgi ne, na yaye mutum ya fi ashirin. In za ka jure zagi, zan koya maka."

Zagi kuwa Bato ya sha shi a Zuba, na Kyaftin ba komai ba ne.

Haka suka fara. Duk ranar da aka gama ɗaukar hoto da wuri, a hanyar komawa Kyaftin sai ya saki sitiyari ya ce, "Jirginka." Ya sayo masa wani littafi mai baƙin bango daga Kaduna, irin wanda matuƙa ke rubuta tashinsu a ciki: kwanan wata, lambar jirgi, daga ina zuwa ina, minti nawa, abin da aka koya. A ƙarshen kowane layi Kyaftin ya zaro biro ya yi sa hannunsa mai doguwar jela, da lambar lasinsa a ƙasa. Ya ba shi tsofaffin littattafansa na Turanci a kan iska da gajimare da taswira. Bato da aji shidansa ya riƙa bin su da yatsa, kalma kalma, yana tambayar malamin cocinsu ma'anar waɗanda suka gagare shi.

Helen takan dawo daga gona, kayan doya a kafaɗa, ta same shi zaune a kan turmi, ƙafafunsa a kan duwatsu biyu, hannunsa riƙe da muciya, yana magana shi kaɗai da Turanci.

"Baban Juliet, ina muka nufa yau? Landan?"

"Ki yi shiru, ina sauka."

"To in ka sauka ka ba ni muciyata, tuwo na jira."

Shekara ta bi shekara. Bato ya iya tashi, ya iya sauka ko da iska na bugowa ta gefe, ya iya karanta hadarin da ke haɗuwa a bayan duwatsu ya san na kaucewa ne ko na ratsawa. Kyaftin yakan kashe masa wuta ba zato ya ce, "Inji ya mutu, sai yaya?" Bato ya zaɓi fili ya lallaɓa jirgi har ƙasa. A shekara ta biyar, wata ranar Asabar da Turawan kamfani suka tafi Kaduna, Kyaftin ya sauko daga jirgi, ya rufe ƙofa, ya ce, "Je ka zagayo sau uku ka dawo. In ka fasa mini jirgi kar ka sauko da rai." Bato ya tashi shi kaɗai. Ya ce ranar ya yi waƙar coci da Gbagyi da ƙarfi a sama, don ba mai jin sa sai Allah.

To, mutumin da ya tashi shi kaɗai ai ya isa yaye. Helen ta dafa shinkafa, aka yanka akuya, 'yan gareji suka zo daga Zuba har da Oga Sale yana dogara sanda. Kyaftin bai san yadda ake yi ba, Oga Sale ne ya koya masa. Bato ya durƙusa, Kyaftin ya cire hularsa ta matuƙa ya kifa masa, ya ce, "Na sallame ka," mata suka yi guɗa. Daga ranar yaran unguwa suka koma kiran sa Kyaftin Bato.

Saura lasin. Bato yakan tambaya, Kyaftin yakan ce, "Takardar banza, me kake gaggawa? Sai ka je Ikko ka kwana a layi? Ai ofis ɗin da kansa zai zo ya same ka har gida. Ka ci gaba da tara awoyinka." Bato ya ga maganar ta yi ma'ana. Ga gine-gine na ta tashi, shi da kansa yake ganin su daga sama.

A ƙarshen shekarar 1991 gwamnati ta tare. Tireloli suka yi ta shigowa da kabad-kabad na fayil, ma'aikata suka cika Karu da Nyanya suna ƙorafin ba ruwa ba kifi. Shi kuwa aikin safiyo ya zo ƙarshe, don garin da ake aunawa ya riga ya tsaya da ƙafarsa. A daidai lokacin ne kuma idon Kyaftin ya fara hazo saboda ciwon suga, likita ya hana shi takardar lafiya, ya ajiye aiki ya koma gidansa a Karu. Kamfani ya ce nan da wata biyu zai sayar da jirgin.

Da Bato ya ji an buɗe ofishin masu ba da lasin tuƙin jirgi, sai ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya naɗe littafinsa a leda, ya tafi. Awa ɗari da tamanin da shida ke ciki. Ya sami wani ma'aikaci mai farin gilashi, Malam Yahuza, zaune tsakanin kwalaye da ba a gama kwancewa ba. Mutumin kirki ne, har kujera ya share masa. Ya buɗe littafi yana juyawa a hankali, yana gyaɗa kai.

"Malam Bartholomew, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ban taɓa ganin littafi mai tsafta haka ba. A wace makaranta ka yi?"

"Ba makaranta. Wajen ogana na koya, Kyaftin Ilyasu. Ya riga ya yaye ni, akwai shaidu."

Malam Yahuza ya ɗauki biro. Ya rubuta lambar da ke ƙarƙashin sa hannun, ya tashi ya shiga tonon kwalaye. Ya kusa rabin awa kafin ya dawo da wani koren fayil. Ya buɗe, ya duba, ya koma shafin farko na littafin Bato, ya sake duba fayil. Sai ya cire gilashinsa ya ajiye.

"Ka san tuƙin jirgi daban, koyar da shi daban?"

"Oga, wanda ya iya ai shi ke koyarwa."

"A gareji haka ne. A nan ba haka ba ne. Matuƙi ko ya fi shaho iya tashi, doka ba ta yarda ya koya wa kowa ba sai yana da izinin malanta a kan lasinsa. Izinin nan kuma ba na har abada ba ne. Yana da wa'adi. In ya cika, sai mutum ya zo mai jarrabawa ya hau jirgi da shi, ya ga har yanzu ya iya koyarwa, a sabunta masa. Oganka ya taɓa riƙe shi, gaskiya ne. Ga shi nan." Ya juyo fayil ya ɗora yatsa. "Ya ƙare a watan Maris na 1984. Bai sabunta ba. Kai kuma darasinka na farko watan Yuni ne."

Bato ya ƙidaya da yatsu. "Wata uku ne kawai, oga."

"Ko kwana uku ne."

"To a cire na farkon, a bar mini sauran."

"Malam, duka bayan Maris aka yi su. Babu layi ɗaya a littafin nan da zan iya karɓa." Ya rage murya. "Wannan kuma da ka rubuta ka tashi kai kaɗai, ban gani ba. Kai ma kar ka ƙara nuna wa kowa. Ba ka da takardar ɗalibi, ba ka da ta likita, wanda ya sake ka ba shi da ikon sakin ka. Laifi ne a kanku ku biyun."

"Ku gwada ni," in ji Bato. "Jirgi tana nan. Ku hau ku gani, in ban iya ba ku kore ni."

"Na yarda ka iya. Amma ba a jarraba mutum sai malami mai izini ya sa hannu ya ce na koya masa, ya isa jarrabawa. Dokar ba don wulaƙanci aka yi ta ba. In ka ɗauki mutane kuka faɗo, wa za mu kama mu ce shi ya tsaya maka?"

Ya gaya masa hanya ɗaya ce, a koma farko a makarantar da aka amince da ita, kamar ta Zariya. Sai dai can suna neman takardar sakandare, kuma yara suke ɗauka. Bato yana da shekara talatin da takwas, da aji shida, da 'ya'ya biyar.

Daga ofis bai je gida ba, Karu ya wuce. Ya sami Kyaftin a ƙofar gida kan kujerar roba, rediyo a cinya.

"Wa nake ji kamar takun mai doya?"

"Ni ne, oga." Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Oga, ashe takardarka ta mutu tun kafin ka fara da ni."

Kyaftin ya kashe rediyo.

"Na sani," in ji shi. "Na ce wata mai zuwa zan je Ikko. Wata ya zo, aiki ya yi yawa. Daga baya na ce ai su wane ne a ofis ɗin, ni na koya wa rabinsu, wa zai ga sa hannuna ya tsaya duba kwanan wata? Ban san za a kwashe ofis a kawo wasu yara da ba su san ni ba."

"Shekara bakwai, oga. Ko sau ɗaya ba ka faɗa mini ba."

"In na faɗa maka ka daina zuwa. Ni kuwa ban taɓa samun ɗalibi irinka ba." Ya share ido da bakin hula. "Ka zage ni, Bato. Wallahi ka zage ni, zan fi jin daɗi."

Bato bai zage shi ba. Wanda ya yaye ka uba ne, ba a zagin uba ko da ya ƙona maka rumbu.

Kyaftin ne ya kawo dabara. Akwai wani tsohon ɗalibinsa, Kyaftin Maitama, wanda izininsa na malanta ke da rai, kuma shi masu sayen jirgin suka turo ya ɗauke shi. A sayi sabon littafi, Bato ya kwafe komai, Maitama ya sa hannu a madadinsa. Bato ya san abin ba daidai ba ne. Helen ma ta ce masa, "Baban Juliet, ƙarya za ka kai sama?" Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya sayi littafin. Sai dai duk lokacin da ya ɗauki biro hannunsa ya ƙi, don haka ya tafi da shi babu komai a ciki, tare da tsohon, da wasiƙar Kyaftin.

Maitama ya karanta wasiƙar a tsaye a inuwar fiffiken jirgi. Mutum ne marar yawan magana. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Malam ya fi ƙarfin komai a wurina, amma ban da wannan. Kwanakin nan da ka rubuta, ni ina Maiduguri, littafina ya nuna. Ranar da aka haɗa littattafan biyu, ni da kai mun shiga uku. Kuma ba na sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba." Ya juya shafukan tsohon littafin, ya daɗe a kansu. "Da gaske kai ka yi duk wannan?"

"Ni ne, oga."

"Dole in gwada jirgin nan kafin in tafi da shi. Hau kujerar hagu."

Suka tashi. Maitama ya naɗe hannu a ƙirji bai taɓa komai ba. Ya ce a juya dama, a juya hagu, a hau, a sauko. Ya sa shi ya ɗaga hancin jirgi har ya fara rawa zai faɗi, Bato ya tare shi cikin ruwan sanyi. Can sai ya miƙa hannu ya rage wuta ba zato, Bato ya riga ya zaɓi fili kafin a tambaye shi. A ƙarƙashinsu ga sabon gari shimfiɗe, tituna masu faɗi, motocin ma'aikata jere kamar tururuwa daga Karu zuwa sakatariya. Da suka zo sauka, tayoyi suka taɓa ƙasa ba ko girgiza.

Maitama ya kashe inji. Farfela ta tsaya. Ya ce, "Ina da ɗalibai masu digiri da ba su kai rabinka ba." Ya miƙa hannu. "Kawo sabon littafin."

A layin farko ya rubuta kwanan wata, da lambar jirgi, da minti hamsin. Ya sa hannu, ya rubuta lambar izininsa a ƙasa, ya duba ta sau biyu.

"Wannan naka ne, ba mai ƙwace maka shi a kowane ofis. Saura awa talatin da tara da ɗan kai, a wurin malami mai izini, kafin a saurare ka."

"A ina zan samu, oga?"

Maitama ya mayar masa da littafin. Ya dafa kafaɗarsa kawai.

Da hantsi washegari jirgin ya tashi zuwa kudu, Bato na tsaye a bakin fili shi ya cire masa katakon taya. Kafin damina ta kama, an yanka filin fuloti-fuloti. Bato ya yi shekara biyu yana rubuta wasiƙu zuwa makarantu da kamfanonin jirage, malamin coci na gyara masa Turanci. Guda ɗaya ce aka amsa, aka ce ya turo takardar sakandarensa. Ya je Kaduna sau biyu neman wani malami da aka ce yana da ƙaramin jirgi, ya tarar jirgin ba inji, malamin ya koma ƙasar waje. Kyaftin Ilyasu ya rasu a shekara ta uku, Bato na cikin waɗanda suka tsaya daga gefe a maƙabarta har aka gama.

Daga baya ya kafa rumfar gyaran mota a bayan tashar Jabi, a nan ya tsufa. Bai ƙara shiga jirgi ba, ko a matsayin fasinja. 'Yarsa Juliet da ta yi aure ta taɓa cewa za ta saya masa tikitin Legas ya je ya dawo, ya ce ta bar shi, ba zai iya zama a baya yana jin wani na sauka da jirgi ba daidai ba. Layi na biyu a sabon littafin har yau ba a rubuta komai a kansa ba.